Jackie Chan: ɗan wasan opera da duniya ta ɗauka ɗan faɗa ne

Duk wanda ya taso yana kallon fim ɗin Chanis, a silima ko a gidan kallo na unguwa, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa: tsakanin Bruce Lee da Jackie Chan wa zai doki wani? Gardama ce mai daɗi, sai dai tun daga tushe an ɗora ta a kan kuskure, don mutanen biyu ba sana'a ɗaya suka koya ba. Bruce Lee faɗa ya koya, a hannun Ip Man malamin salon Wing Chun, ya ƙara da dambe da faɗan titi, daga baya ya shigo da abin da ya sani cikin fim. Jackie Chan kuwa wasan kwaikwayo ya koya. Shekara goma ya yi a makarantar wasan opera na Beijing, inda aka horar da shi ya yi waƙa, ya yi alkafura, ya faɗi ƙasa ba tare da ya karye ba, ya kuma sa mai kallo ya yarda an doke shi alhali ko taɓa shi ba a yi ba. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai gane dalilin da finafinansa na farko suka faɗi, da dalilin da na baya suka ci kasuwa, da kuma dalilin da ya sa yau ba a ƙara samun irinsa.

Opera na Beijing wasa ne na dandamali da ya haɗa waƙa, magana mai kari, rawa da faɗa. Ana ƙirga asalinsa daga 1790, shekarar da ƙungiyoyin 'yan wasa daga lardin Anhui suka zo Beijing bikin cikar Sarki Qianlong shekara 80 da haihuwa, suka samu karɓuwa suka zauna. Abu huɗu ake koya wa duk ɗan wasa: waƙa, furuci, motsin jiki, da faɗa. Rawar da ake takawa ma kashi huɗu ce manya: namiji, mace, mai fentin fuska wanda yawanci jarumin yaƙi ne ko babban mutum mai zafin rai, sai kuma ɗan barkwanci da ake shafa wa farin fenti a kan karan hanci. A cikin kowane kashi akwai masu ƙwarewa a waƙa, akwai masu ƙwarewa a faɗa.

Dandamalin kansa kusan fanko ne. Tebur ɗaya da kujeru biyu sun isa, kuma teburin nan yau gado ne, gobe dutse, jibi gada. Idan ɗan wasa ya riƙo bulala mai tuntaye, to a kan doki yake. Idan ya riƙo filafili, cikin kwalekwale yake, kuma aikin gwiwoyinsa ne su nuna maka ruwa yana kaɗawa. Akwai wani sanannen wasa mai suna Sanchakou da wasu mutum biyu ke faɗa a ɗakin masauki cikin duhun dare. Fitilun dandamalin duk a kunne suke, kowa yana ganinsu sarai, amma su dole su nuna ba sa ganin juna: suna lalube, takobi yana wucewa gab da hancin mutum bai sani ba, su zauna kan tebur ɗaya baya da baya kowa yana neman ɗan'uwansa. Mai kallo yana dariya, gabansa kuma yana faɗuwa. Wanda ya ga wannan wasa sau ɗaya, idan ya koma finafinan Jackie Chan zai riƙa ganinsa ko'ina.

Sai kiɗa, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Mai ƙaramar ganga shi ke jan ragamar wasan, masu kuge da farantan tagulla suna binsa. Kowane sara, kowane tsalle, yana da bugun da yake faɗawa a kai. Idan an yi musayar duka da sauri, sai kiɗa ya tsaya cak, 'yan wasan su ƙame a tsaye, ido a buɗe, a ba mai kallo damar ganin wa ke sama wa ke ƙasa, sannan a sake ɓarkewa. Wannan tsari na ɓarkewa da ƙamewa shi ne ya bi 'yan opera har cikin fim. Dangantakar ma tsohuwa ce: fim na farko da aka ɗauka a ƙasar Sin, a 1905, wani yanki ne na opera da shahararren ɗan wasa Tan Xinpei ya yi a gaban kyamara.

Abin da ya kai wannan sana'a ta arewacin Sin zuwa Hong Kong, can kudu, yaƙi ne da gudun hijira. Tsakanin yaƙin Japan da nasarar 'yan kwaminis a 1949, mutane masu ɗimbin yawa sun tsallaka zuwa wannan yanki da ke ƙarƙashin Birtaniya, cikinsu har da 'yan wasa da malamansu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Yu Jim-yuen, ƙwararre a rawar jarumin faɗa, wanda ya buɗe makaranta a Kowloon mai suna China Drama Academy. Iyayen Jackie Chan ma 'yan gudun hijira ne. An haife shi ranar 7 ga Afrilu, 1954, aka sa masa Chan Kong-sang. Mahaifinsa kuku ne a gidan ƙaramin jakadan Faransa, mahaifiyarsa tana aikin gida a can. Da uban ya samu aikin girki a ofishin jakadancin Amurka da ke Canberra, a Ostireliya, sai aka rasa yadda za a yi da yaro mai ƙiriniya wanda boko bai karɓe shi ba. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi wurin Malam Yu, aka sa hannu a yarjejeniyar shekara goma.

Bahaushe ba zai yi mamakin tsarin ba, don ya san abin da ake nufi da damƙa yaro a hannun malami: ci da sha da makwanci suna wuyan malam, ladabtarwa ma haka, iyaye kuma sun yi nisa. Sai dai a nan akwai takarda, kuma takardar ta ba malamin duk kuɗin da yaro zai samu a wasa, ta kuma ba shi ikon hukunta shi yadda ya ga dama, ko da abin zai kai ga rasa rai. Jackie Chan da kansa ya sha ba da wannan labari. Ana tashinsu da ƙarfe biyar na asuba, ba a sallamarsu sai wajen tsakar dare. A falon da suke atisaye nan suke shimfiɗa su kwana. An aske wa mazan kai ƙwal. Za a sa yaro ya kife, kai ƙasa ƙafa sama, ya jingina da bango har hannuwansa su riƙa rawa. A danne masa ƙafafu a ware su har sai sun kwanta a ƙasa yana kuka. Wanda ya yi kuskure sanda ce, wani lokaci kuma laifin mutum ɗaya duk aji ake bi a zane. Karatu da rubutu ɗan abin da ba a rasa ba ne kawai, shi ya sa ya fito daga makarantar da ƙyar yake haɗa baƙi, abin da ya ce ya daɗe yana jin kunyarsa.

Kowane ɗalibi an ba shi sunan wasa da ya fara da Yuen, daga sunan malamin. Jackie shi ne Yuen Lo. Babban yayansu a makaranta, mai riƙe sanda idan malam ba ya nan, shi ne Yuen Lung, wanda duniya ta sani da Sammo Hung. Akwai Yuen Biao, da Yuen Wah, da Yuen Kwai wanda ya zama Corey Yuen, da mace Yuen Qiu. Daga cikinsu ake zaɓar bakwai mafi iyawa su fita wasa da sunan Seven Little Fortunes, galibi a filin shaƙatawa na Lai Chi Kok. Kamfanonin fim kan zo su ɗauki hayar yaran idan suna buƙatar ƙananan 'yan wasa. Ta haka Jackie ya fara fitowa a fim a 1962, yana ɗan shekara takwas, kuɗin kuma aljihun malam suka shiga.

Abin tausayin shi ne, ana ta jibgar yaran nan don su gaji sana'ar da ke mutuwa a hannunsu. Mutanen Hong Kong yaren Kanton suke yi, suna da nasu opera na Kanton, wannan na Beijing kuwa da harshen arewa ake rera shi, masu sauraronsa tsofaffin baƙi ne da ke raguwa kullum. Silima ta cika gari, a 1967 kuma tashar talabijin ta TVB ta fara watsa shirye-shirye kyauta. A babban yankin Sin ma ƙofa a rufe take, don juyin juya halin al'adu da ya fara a 1966 ya hana tsofaffin wasanni, aka bar 'yan kaɗan na farfaganda. A 1971 gwamnatin Hong Kong ta mayar da karatun firamare kyauta kuma dole, abin da ya sa ba a ƙara samun iyayen da za su ba da ɗansu shekara goma ba. A farkon shekarun 1970 makarantar ta watse, Malam Yu ya ƙaura Amurka. Aka bar samari masu shekara sha bakwai, sha takwas, ba takardar shaida, ba su iya komai ba sai tsalle da faɗuwa.

Sai aka yi dace, kasuwar da ke neman masu tsalle da faɗuwa tana kan ganiyarta. Kamfanin Shaw Brothers, daga baya kuma Golden Harvest da aka kafa a 1970, suna ta fitar da finafinan takobi da na kung fu, kuma kowane fim yana buƙatar gomman mutanen da jarumi zai zubar. Waɗannan 'yan kasada su ne ƙasan tsani a masana'antar: a taru da safe a bakin sutudiyo, mai tsara faɗa ya zaɓi waɗanda yake so, a biya kuɗin yini. Masu tsara faɗan kansu da yawansu tsofaffin 'yan opera ne. Han Ying-chieh, wanda ya tsara wa darakta King Hu faɗa a shekarun 1960, kuma ya fito a matsayin bos a fim ɗin Bruce Lee na farko a Golden Harvest a 1971, daga opera na Beijing ya fito. King Hu bai ɓoye ba cewa faɗan finafinansa rawa ce ya ɗauko daga dandamali.

A nan ne ake ganin amfanin horon. Faɗan fim aikin mutum biyu ne, kuma rabin aikin yana wuyan wanda ake duka. Naushi ba ya da ƙarfi a idon mai kallo sai idan wanda aka kai wa ya karɓe shi daidai lokacin, kansa ya juya, jikinsa ya tashi sama ya faɗo da baya. Gwanin faɗa na gaskiya an koya masa ya ɓoye niyyarsa, ya kai duka ta gajeriyar hanya, ya gama cikin ƙiftawar ido. Kyamara kuwa kishiyar haka take so: a buɗe hannu, a nuna duka tun yana tahowa, a tsaya gab da fuska. Ɗan opera ya yi shekara goma yana haddace doguwar jerin motsi tare da abokin wasa, ana nuna masa sau ɗaya ya kama. Shi ya sa ko Bruce Lee bai wadatu da barinsu ba. Yuen Wah ne ke shiga masa wurin alkafura. Sammo Hung ne abokin karawarsa a farkon Enter the Dragon na 1973. Lam Ching-ying, ɗalibin wata makarantar opera ta daban, yana cikin na hannun damansa. Jackie Chan kuma yana cikin waɗanda ake zubarwa: a Fist of Fury na 1972 shi ya shiga wa bos ɗin Japan da aka yi wa shuri ya fasa bango ya faɗa waje, a Enter the Dragon kuma shi ne mai gadin da Lee ya kama wa gashi ya karya wa wuya. Shi kansa Bruce Lee ɗan gidan opera ne, don mahaifinsa Lee Hoi-chuen ɗan wasan opera na Kanton ne, kuma suna rangadin wasa a Amurka aka haife shi a San Francisco a 1940.

Lee ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973, yana da shekara 32, kasuwar kung fu ta rikice. Furodusoshi suka bazama neman magaji, suna ɗauko duk mai kama da shi suna laƙa masa suna mai kama da nasa. Aiki ya yi wa Jackie ƙaranci har ya tafi wurin iyayensa a Canberra ya yi leburanci a wurin gini. A can ne abokan aiki suka fara kiransa Jack. A 1976 Willie Chan, wanda ya zama manajansa na shekaru masu yawa, ya kira shi ya dawo ya yi wa Lo Wei aiki, daraktan da ya yi finafinan Lee biyu na farko a Golden Harvest. Lo Wei ya sa shi a New Fist of Fury, ya ce ya ɗaure fuska, ya yi ihu, ya ɗauki fansa. Fim ɗin bai ci kasuwa ba, waɗanda suka biyo baya ma haka. Ba abin mamaki ba ne. An ɗauki mutum mai faffaɗan hanci da fuskar dariya, wanda gwanintarsa ita ce kaucewa da dungure, an ce ya tsaya ƙyam ya zama abin tsoro.

A 1978 Lo Wei, ganin ba ya samun riba da shi, ya ba da aronsa ga ƙaramin kamfanin Seasonal na Ng See-yuen. Daraktan da aka haɗa shi da shi, Yuen Woo-ping, shi ma horon opera ya samu a hannun mahaifinsa Yuen Siu-tien, kuma wannan tsoho ne aka sa ya fito a matsayin malamin Jackie. Finafinai biyu suka yi a shekarar, Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, duka suka yi kasuwar da ba a zata ba. Idan aka duba su da kyau, labarin makarantar Malam Yu ne aka mayar abin dariya: yaro mai taurin kai, tsoho mai mugun horo, atisaye mai kama da azaba, ɗiban ruwa da ƙaramin kofi mutum yana rataye kai ƙasa. Akwai kuma tsaurin ido a ciki. Wong Fei-hung, wanda Jackie ya fito a matsayinsa a fim na biyu, mutum ne na tarihi, likitan gargajiya kuma malamin faɗa da ya rasu a shekarun 1920, kuma tun 1949 ɗan opera na Kanton Kwan Tak-hing yake fitowa a matsayinsa, a finafinai sama da 70, dattijo mai kamun kai da wa'azi. Jackie ya mayar da shi ɗan iskan yaro mai cin abinci ya gudu bai biya ba. 'Yan kallon Hong Kong, waɗanda suka girma da dattijon, sun ji daɗin wannan rainin.

Ni a ganina abin da ya yi a nan shi ne haɗa rawa biyu da opera ta raba: jarumin faɗa da ɗan barkwanci mai farin hanci. Jaruminsa yana jin zafi. Idan ya naushi wani sai ya yarfe hannu, idan aka yi masa yawa sai ya ruga, ba ya cin nasara sai ya sha wuya. Shi da kansa ya sha faɗa cewa da gangan ya riƙa yin kishiyar duk abin da Bruce Lee ke yi. Tebur da kujerun dandamali kuma su ne suka zama benci, tsani, lema, keke, firji, duk abin da hannu ya kai. Ana yawan cewa daga 'yan barkwancin Amurka na zamanin fim marar magana ya koyo wannan, Buster Keaton da Harold Lloyd, kuma gaskiya ne ya ɗauka daga gare su, bai musa ba. Amma ya iya ɗauka ne don jikinsa ya riga ya san yaren. Keaton ma a dandamali ya girma, ubansa yana wurgi da shi tun yana ƙarami.

Yadda ake ɗaukar fim a Hong Kong a lokacin ya dace da wannan horo. Ba a ɗaukar sauti a wurin aiki, daga baya ake ɗora murya, saboda haka mai tsara faɗa yana iya ƙirga bugu da baki kamar mai ganga. Ba a zuwa da faɗa a rubuce. A wurin ake ƙirƙira shi gaɓa-gaɓa, a ɗauki motsi biyar ko goma daga kusurwar da ta fi nuna su, a tsaya, a ƙirƙiro na gaba. Akan ɗan rage gudun kyamara don motsi ya ƙara sauri a allo, a barbaɗa hoda a takalmi ko riga don ƙura ta tashi idan duka ya sauka. Da ya koma Golden Harvest yana daraktan kansa, daga The Young Master na 1980, sai ya samu abin da ya fi komai tsada, wato lokaci. Yakan yi makonni a kan faɗa ɗaya, ya maimaita motsi guda har sai ya fito yadda yake so.

Rashin wannan ne ya kayar da shi a Amurka har sau biyu, a 1980 da 1985. A can darakta ne mai iko, kwanakin aiki a ƙirge suke, ana ɗaukar faɗa daga kusurwoyi da yawa a bar wa mai tace hoto ya harhaɗa, 'yan kasadarsu kuma manyan ƙarti ne da suka saba da naushi ɗaya a faɗi. Kiɗan ya ɓace. A The Protector na 1985 an sake maimaita kuskuren Lo Wei, aka ba shi rawar ɗan sanda mai ɗaurarriyar fuska. Haushin abin ne ya sa ya koma gida ya yi Police Story a shekarar, wanda ya ci kyautar fim mafi kyau a bikin kyaututtukan finafinan Hong Kong.

Akwai wata karawa da ta fi wannan nuna inda matsalar take, don ta cikin gida ce. A Drunken Master II na 1994 an ɗauko Lau Kar-leung ya ba da umarni. Lau ɗan gadon faɗa ne na gaske: mahaifinsa ɗalibin Lam Sai-wing ne, shi kuma Lam ɗalibin Wong Fei-hung kansa. Yana son a nuna salon Hung Gar yadda yake, tsayuwa daidai, hannu daidai. Jackie yana son sauri da kari da abin da zai sa 'yan kallo su yi tsalle a kujera. Ba su daidaita ba, Lau ya bar aikin kafin a gama, Jackie ya ɗauki faɗan ƙarshe da kansa. Masoya finafinan nan har yau suna gardamar wa ke da gaskiya. Ni dai na fi ganin kowannensu amanar malaminsa ya riƙe.

Sai maganar kasada, wadda ita ce ta fi yi masa suna a wajen Asiya. A Project A na 1983, inda ya fito tare da 'yan'uwansa na makaranta Sammo Hung da Yuen Biao, ya saki hannu daga hasumiyar agogo mai tsawon kusan mita 18, ya ratsa rumfunan yadi biyu ya faɗo ƙasa a kan wuyansa, kuma ba sau ɗaya ya yi ba. A Police Story ya zamo daga saman bene a jikin sandar ƙarfe da aka naɗe da ƙwayayen lantarki, tafukan hannunsa suka ƙone, ya ji ciwo a baya da ƙugu. A Yugoslabiya, wurin ɗaukar Armour of God na 1986, ya yi tsalle daga katanga zuwa bishiya, reshe ya karye, kansa ya bugi dutse, ƙoƙon kai ya fashe, sai da aka yi masa tiyata, kuma jin kunnensa ɗaya ya ragu tun daga ranar. Ya mayar da ciwon kansa talla: a ƙarshen kowane fim ana nuna wuraren da aka yi kuskure, ana ɗauke shi a kan makara, dabarar da ya gano a wani fim ɗin tseren motoci da ya fito a Amurka a 1981.

Cewa da ake yi shi ke yin duk kasadarsa da kansa, akwai ƙarin gishiri. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san akwai wuraren da yaransa suka shiga masa. Kuma su ma sun zubar da jini, sai dai ba sunansu ne a fosta ba. A Police Story akwai inda motar bas ta taka birki, mutane suka fasa gilashin bene na sama suka faɗo. An shirya su faɗa kan mota ne, suka faɗi kan kwalta, kuma wannan hoton ne aka bari a fim. Da wuya a raba wannan hali da tarbiyyar makarantar. Yaron da aka koya wa tun yana shekara bakwai cewa kuka ba ya hana a ƙara, kuma wanda ya ce ba zai iya ba ya kunyata 'yan'uwansa, idan ya girma ya zama shugaba haka zai tafiyar da nasa yaran. Su kansu ɗaliban ba su da baki ɗaya a kan Malam Yu. Jackie yakan kwatanta shekarun da azaba, sannan ya ce mahaifinsa Charles Chan ne uban Chan Kong-sang amma Yu Jim-yuen ne uban Jackie Chan. A 1988 aka yi fim a kan makarantar, Painted Faces, Sammo Hung ya fito a matsayin malamin da ya yi ta zane shi, ya nuna shi da tausayi, har ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa. Mai kallo ma yana da nasa kason a wannan lissafi, don abin da muke tafa wa a allo da bulalar yara aka saye shi.

Amurka ta buɗe masa ƙofa a ƙarshe, lokacin da jiki ya fara gajiya. Rumble in the Bronx, fim ɗin Hong Kong da aka ɗauka a Vancouver ta Kanada, inda ya karya idon sawu ya ci gaba da aiki da filasta a ƙafa, ya hau matsayi na ɗaya a silimun Amurka a farkon 1996. Rush Hour na 1998 ya tara sama da dala miliyan 240 a duniya. Kuɗi sun shigo, amma faɗan bai kai na shekarun 1980 ba. Kamfanonin inshora da lauyoyi ba sa barin a yi abin da ake yi a Kowloon, kuma shi kansa ya ce finafinan ba su burge shi ba. A Nuwamban 2016 aka ba shi Oscar ta girmamawa. A gida kuwa farin jininsa ya ragu. Tun da ya ce a wani taro a 2009 yana ganin Sinawa suna buƙatar a riƙa juya su, ya kuma zama ɗan majalisar ba da shawara ta Beijing a 2013, matasan Hong Kong da yawa suka juya masa baya. Wannan wani babi ne daban.

Ba shi kaɗai ya tsallaka ba. Yuen Woo-ping ne ya tsara faɗan The Matrix na 1999, inda ya sa 'yan wasan Hollywood watanni suna atisaye kafin a kunna kyamara. Corey Yuen ya yi wa Jet Li aiki a finafinansa na Amurka. Shi Jet Li ta wata hanya ya biyo: zakaran wushu ne, wato wasan faɗa na gasa, da gwamnati ta horar a Beijing, kuma wannan hanya ce ta maye gurbin makarantun opera wajen samar wa fim 'yan faɗa, tare da manyan makarantun da suka kewaye haikalin Shaolin a lardin Henan. Suna fitar da gwanayen tsalle, amma ba a koya musu waƙa da barkwanci da karanta 'yan kallo a kowane dare ba. Abin da ya rage kuma waya da kwamfuta sun cike. Opera na Beijing yana nan, gwamnati na ɗaukar nauyinsa, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2010, ɗalibansa suna zuwa aji suna komawa gida.

Malam Yu ya rasu a 1997, shekarar da Hong Kong ta koma hannun Sin. Abin da ya koyar bai bi ta dandamali ya wanzu ba, ta ƙungiyar 'yan kasadar Jackie Chan ya bi, wadda ta yi ta ɗaukar sababbin yara tana koya musu ƙirgen bugu da karɓar duka. Wanda ya fara shiga cikinta daga wajen Asiya wani ɗan Ostireliya ne, Brad Allan, a ƙarshen shekarun 1990. Ya kai ga shugabancin ƙungiyar, ya koma tsara faɗa a manyan finafinan Birtaniya da Amurka, kuma shi ya jagoranci faɗan Shang-Chi na kamfanin Marvel, har da wanda aka yi cikin motar bas, kafin ya rasu a Agustan 2021 yana da shekara 48.